Tsohon CG125 da jikokinsa: me ya sauya a moton da muke hawa?

Daga Maijirgi zuwa Tasawa, daga Urafan zuwa Kanambakashe, da wuya yau ka shiga gari ko tunga ba ka ji kukan moto ba. Shi ke kai buhun hatsi kasuwa, shi ke ɗaukar mai naƙuda zuwa likita da tsakar dare, shi ne kuma jarin saurayin da ya shiga kabu-kabu. Sau da yawa kuɗin sayensa ma ba a gida aka tara su ba. Wani ɗan uwa ne ya sha rana a Libiya, ko Aljeriya, ko Legas, ko Abijan, ya aiko ya ce a saya wa gida abin hawa.

Shi ya sa gardamar da ake yi a fada da bakin gareji, tsakanin masu cewa "ƙarfen da ya fi" da masu cewa "sabon yayi ya fi daɗi", ta wuce hirar shan shayi. In aka yi zaɓen tumun dare, gumin shekara guda ne zai je ya kwanta a gareji ana jiran kayan gyara. Wannan bayani zai gwada tsohon babur ɗin nan da ya yi suna, Honda CG125, da waɗanda suka gaje shi, domin mai saye a gida da mai aiko kuɗi daga nesa su san abin da suke biya.

Wane irin moto ake nufi?

Babura iri-iri ne. Akwai roba-roba, wanda aka rufe masa gaba da ƙafafu da roba. Akwai dogo mai tayoyin daji irin Yamaha DT, wanda aka san ma'aikatan gona da na kiwon lafiya da shi. Akwai na tsere, wanda aka lulluɓe gaba ɗaya. Sai kuma wanda muke magana a kai: tanki a gaba, doguwar kujera, fitila ɗaya, inji a fili kowa na ganinsa. Turawa na kiran irin wannan da sunan da ke nufin "tsirara", saboda ba a sa masa riga ba.

A can Turai da Japan, in aka ce tsohon tsirara, hankali kan tafi ga manya irin Triumph Bonneville na 1959, da Honda CB750 na 1969, da Kawasaki Z1 na 1972. Har yau kamfanonin na ƙera sababbi masu kama da su domin masu begen zamanin da. Amma mu nan, wanda ya taka mana rawa ƙarami ne, mai inji 125, kuma labarinsa ya fi kusa da rayuwarmu.

Asalin CG125

A farkon shekarun 1970 kamfanin Honda na sayar da ƙananan babura masu injin da ke son kulawa sosai. A ƙasashe masu tasowa sai injin ya riƙa mutuwa da wuri, masu saye kuma suka karkata ga na sauran kamfanonin Japan. A 1974 kamfanin ya tura injiniyoyi biyu, Takeshi Inagaki da Einosuke Miyachi, su zagaya ƙasashe irin su Tailan, Indunusiya, Filifin, Iran da Pakistan, su ga yadda ake amfani da babur da idonsu.

Abin da suka gani ba baƙo ba ne a wurinmu. Magidanci ya ɗora matarsa da ƴaƴansa da kaya a kan babur ɗaya. Baƙin mai ba a juye shi sai ya yi kauri. Ba a zuwa wajen bakanike sai abin ya tsaya cak. Maimakon su ce laifin mutane ne, sai suka koma suka ƙera babur da zai iya jure wannan hali. A 1975 CG125 ya fito.

Abubuwa huɗu suka bambanta shi. Na farko, an sauko da sandar kam, wato ƙarfen da ke juyawa yana buɗe bawul, daga saman inji zuwa ƙasa kusa da inda baƙin mai ke kwance. Ƴan sanduna biyu ne ke tura bawul ɗin daga can. Na biyu, matatar iskarsa soso ce, a wanke ta a shafa mata mai a mayar. Na uku, an rufe sarƙarsa cikin kwano don kada ƙasa ta ci ta. Na huɗu, an yi shi yadda bakanike mai sufana da sukundireba zai kwance shi ya ɗaura a gindin itace.

Dabarar ta ci. A 1976 aka fara ƙera shi a Manaus ta ƙasar Burazil, inda shahararren ɗan ƙwallo Pele ya yi masa talla. A Pakistan kamfanin Atlas Honda na ƙera shi har yanzu, da kamanni kusan irin na da. A Turai an daina sayar da shi a 2008, saboda dokar rage hayaƙi ta fi ƙarfin kafiretarsa.

Yadda ya hayayyafa har ya cika mana kasuwa

Dattawa na iya tuna lokacin da moto kayan ma'aikaci ne da babban ɗan kasuwa: mobileti, Yamaha Mate, Basfa, Suzuki mai hayaƙi, da Honda Benly da ake shigowa da shi ta Katsina da Daura. Honda ya kafa kamfani a Nijeriya a 1979, masana'antarsa na Ota a jihar Ogun. Ta kan iyaka, ta Jibiya da Ɗan Isa, ta Kongolam da Maimujiya, babura da kayan gyaransu suka riƙa hawowa arewa.

A watan Janairun 1994 aka karya darajar sefa gida biyu. Kayan Japan da na Faransa suka yi tashin gwauron zabo, sabon babur ɗan Japan ya fi ƙarfin yawancin mutane. Ana cikin haka masana'antun ƙasar Sin suka buɗe wuta. Kamfanoni irin su Lifan, Loncin da Zongshen na birnin Chongqing, da Jincheng na Nanjing, da Haojue na lardin Guangdong, suka shiga fitar da babura masu araha zuwa Afirka. Daga shekarun 2000 moto ya sauko daga hannun ma'aikaci zuwa hannun manomi. Sunaye irin su Kasea suka zama ruwan dare a Maraɗi da Damagaram.

Ga abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba: ɗimbin baburan Sin masu inji 125 da 150, injin CG ne aka kwafa. Fenti ya sauya, suna ya sauya, an ƙara fitilu da madubai, amma cikin cikinsa tsarin 1975 ne. Ke nan tsohon bai mutu ba. Yana nan yana yawo da sababbin riguna.

Magadan gida uku ne

Gida na farko su ne kwafin ƙasar Sin. Tsarinsu na tsohon ne, an ƙara masu batir babba da maɓallin tayarwa. A cikinsu akwai nagari ƙwarai, akwai kuma wanda fenti kawai ya iya.

Gida na biyu su ne waɗanda aka ƙera musamman domin aikin haya a Afirka. Nan Boxer na kamfanin Bajaj yake, da HLX na kamfanin TVS, dukansu ƴan Indiya. Nan kuma Ace CB125 yake, wanda Honda ya fitar a Nijeriya a 2011 don ya yi gogayya da na Sin a farashi. Suna da doguwar kujera, da ƙaƙƙarfan kariya a baya, da kafireta.

Gida na uku su ne na ƙasashe masu tsaurin dokar hayaƙi, irin CB125F da ake sayarwa a Turai tun 2015, da sababbin CG 160 na Burazil. Ba su da kafireta, na'ura ce ke fesa mai. Irin waɗannan ne ƴan uwa na Faransa da Beljiyam ke gani a titi, wani lokaci har su yi sha'awar aiko da shi gida.

Inji: mai sanda ko mai sarƙa

Wannan ce tambayar farko da ya kamata a yi wa mai shago. Injin CG mai sanda ne. Kukansa ya fi yawa, yana da girgiza in an matsa masa, amma kam ɗinsa na kusa da mai, don haka yana yafe sakaci. Boxer da HLX da yawancin sababbi masu sarƙa ne: kam ɗin na sama, wata ƴar sarƙa ce cikin inji ke juya shi. Sun fi laushin tafiya, sun fi shiru, sun fi tsimin mai. Sharaɗinsu ɗaya, sai famfo ya kai tsabtataccen mai har sama. In mai ya yi ƙasa ko ya yi datti, saman injin ne ke fara ci, daga nan sai sarƙar ta saki ta fara kaɗe-kaɗe.

A ƙarfi ba su da nisa da juna. Tsohon CG125 na ba da kimanin ƙarfin doki 11, Boxer mai inji 150 kimanin 12. Bambancin da mai hawa ke ji shi ne yadda babban injin ke jan kaya a rairayi ba tare da an yi ta sauya giya ba.

Akwai lamba da ake bugawa a jikin injin ɗan Sin, gefen ƙasa. In ka ga 156FMI, ma'anarta: silinda ɗaya, faɗin fistin wajen milimita 56, iska ke sanyaya shi, girmansa 125. In 162FMJ ce, girmansa 150. Wannan lamba ta fi abin da aka liƙa a tanki gaskiya, domin sitika ba ta da tsada.

Kafireta da na'urar fesa mai

Kafireta ba ta neman wuta, ba ta neman kwamfuta. In ruwa ko ƙasa ta shiga, a kwance ta a wanke a busa, cikin rabin awa an tashi. Illarta, tana shan mai fiye da kima in ba a saita ta daidai ba, kuma da sanyin hunturu sai an ja shoke an yi ta buga kiki.

Na'urar fesa mai tana auna iska da mai daidai wa daida. Tayarwa nan take, hayaƙi kaɗan, tsimi mai yawa. Honda ya ce CB125F na 2021 na wuce kilomita 60 da lita guda a gwajin kamfani, alhali tsohon CG na yin kimanin 35 zuwa 40. Sai dai tana da famfo cikin tanki mai aiki da wuta, da bakin fesawa mai ƙananan ramuka kamar tsinin allura. Man kwalba mai laka ko ruwa na iya toshe shi. In ya lalace kuma, ba aikin busawa da baki ba ne, sai mai na'urar bincike da sabon kaya. Indiya ta tsaurara dokar hayaƙinta a Afrilun 2020, baburan cikin gidanta da yawa suka koma fesawa, amma kamfanoninta sun ci gaba da aiko wa Afirka masu kafireta. Sun san hanyoyinmu, sun san man da muke sha.

Matatar iska

A ƙasar jigawa irin tamu, ƙura ce babbar abokiyar gabar inji. Ƙwayar rairayi in ta shiga silinda, aikin sanfefa take yi wa fistin da ringi. Matatar soso ana wanke ta, a bar ta ta bushe, a shafa mata ɗan baƙin mai, a matse a mayar. Sababbi da yawa matatarsu ta takarda ce. Tana tacewa da kyau amma ba a wanke ta, in ta toshe sai sabuwa. Kuskuren da ke kashe inji shi ne a huda ta, ko a cire ta gaba ɗaya wai don moto ya ƙara gudu. Zai yi gudun, na ƴan watanni.

Wuta

Nan kam sabon ya yi wa tsohon fintinkau. CG na farko batir ɗinsa mai bolt 6 ne, fitilarsa kamar aci-balbal, kuma tartsatsin buji na fitowa ne ta wasu ƴan ƙarafa masu haɗuwa da rabuwa, waɗanda sai an riƙa goge su ana saitawa. Daga baya aka koma bolt 12 da ɗan akwatin CDI wanda ba ya neman saiti. Sababbi na da maɓallin tayarwa, wasu da fitila mai haske ƙwarai wadda ba ta cin batir, wasu har da wurin cajin salula. Ga wanda ke tafiyar dare tsakanin ƙauyuka, inda jaki ko amalanke mara fitila ke iya ɓullowa, hasken fitila ba ado ba ne.

Shawara ɗaya: kada a sayi wanda ba shi da kiki. Zafin bazara na gajiyar da batir da wuri, kuma ba a dawa ake son gane hakan ba.

Birki da taya

Tsohon na da birkin kwano gaba da baya. Ba ya kamawa da ƙarfi sosai, amma a rufe yake, takalminsa na da araha, kowa ya iya sauya shi. Birkin faifai mai aiki da mai ya fi kamawa a kan kwalta, musamman da lodi. A Tarayyar Turai doka ta wajabta wa sababbin babura ƙanana birkin da ke haɗa gaba da baya ko wanda ke hana taya kullewa. Sai dai a rairayi, duk wanda ya damƙe birkin gaba da ƙarfi ƙasa zai sha, ko wane iri ne.

Wili mai wayoyi, irin na tsohon, in ya faɗa rami ya lanƙwashe ana iya miƙe shi. Wilin alminiyam ya fi kyan gani, yana kuma karɓar taya mara tub, wadda in ƙayar aduwa ko ta bagaruwa ta soke ta iskar ba ta fita gaba ɗaya, ana iya toshe ramin ba a cire tayar ba. Amma in ya tsage, ya tsage. Mai bin babbar hanya ta ɗaya, Maraɗi zuwa Damagaram, alminiyam zai yi masa daɗi. Mai ratsa gonaki da gulbi, wayoyi sun fi rufa masa asiri.

Ƙarfe

A nan ne masu yabon tsohon suke da gaskiya. Tsarin inji ana iya kwafarsa, amma ingancin ƙarfe da daidaiton awo kuɗi ne. Araha ba ta ado. Baburan da suka fi kowa sauƙin kuɗi, a nan ake rage masu: kusoshi masu laushi da ke cinyewa, sarƙa mai saurin miƙewa, wayoyin wuta sirara, firam da ke tsagewa wajen kariya. Wannan ba hukunci ne a kan duk kayan Sin ba, domin manyan masana'antunsu na ƙera wa kamfanonin Japan da na Turai kaya. Masana'anta ɗaya na iya fitar da mai daraja ta ɗaya da mai daraja ta uku, gwargwadon abin da ɗan kasuwa ya biya.

A ɗaya gefen kuma, duk CG ɗan Japan da ya rage a yau ya haura shekara ashirin ko talatin. An sha sauya masa fistin, ringi, kuloci da kafireta, yawanci da kayan kwafi. Wanda ya ce zai sayar maka da "asalin Japan" da tsada, to a tambaye shi me ya rage na Japan ɗin ban da firam da suna.

Maganar mai

Shekaru da dama man Nijeriya mai tallafi, wanda muke kira ruwa-ruwa, shi ke cika kwalabe a bakin hanya, duk da cewa matatar SORAZ ta Damagaram ta fara aiki tun Nuwamban 2011. A ranar 29 ga Mayun 2023 gwamnatin Nijeriya ta janye tallafin, arahar ta kau. A Yulin 2024 gwamnatin Nijar ta rage kuɗin litar esansi a gidajen mai daga sefa 540 zuwa 499, wato kusan dala ɗari.

A yi lissafi da wannan farashi. Tasawa zuwa Maraɗi kimanin kilomita 120 ne. Moton da ke yin kilomita 40 da lita zai sha lita 6 zuwa da dawowa, kusan jika uku. Wanda ke yin 60 zai sha lita 4, kusan jika biyu. Ga mai hawa jefi-jefi bambancin ba shi da yawa. Ga ɗan kabu-kabu da ke kan hanya kullum, wannan jika ɗaya ita ce cefanen gida. Shi ya sa masu inji 100 da 110 suka karɓu a wajen ƴan haya.

Rufe iyaka ma darasi ne. Daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, da kuma daga Agustan 2023 zuwa Maris na 2024, kayan da ke shigowa ta Nijeriya sun yi wuya. A irin wannan lokaci, moton da kayansa ke shiga na wasu da yawa shi ke ci gaba da tafiya. Injin gidan CG na da wannan gata, domin fistin da ringi da bawul ɗinsa sun cika kasuwa.

To wanne ya dace da wa?

Manomi ko makiyayi da ke nesa da kwalta, wanda bakanike ɗaya ne a kasuwarsu: mai kafireta, mai kiki, mai wilin wayoyi, wanda kayansa ke rataye a shagon da ya fi kusa. Injin mai sanda ya dace da shi.

Ɗan kabu-kabu da mai jigilar kaya: doguwar kujera, ƙaƙƙarfan firam, tsimin mai. Ƴan Indiya da makamantansu don shi aka yi su, muddin zai kiyaye bidanji.

Malamin lakol ko ma'aikacin likita da ke zirga-zirga kan kwalta: zai mori birkin faifai, fitila mai haske da taya mara tub.

Mai sha'awar na'urar fesa mai: ya fara tabbatar da cewa akwai mai gyaranta da kayanta a Maraɗi ko Damagaram, kuma zai iya shan man gidan mai kullum.

Mai tsohon CG a gida wanda firam ɗinsa lafiya lau: kada ya yi gaggawar rabuwa da shi. Da tsohuwar zuma ake magani. Gyaran injinsa bai kai kuɗin sabo ba.

Ga ɗan uwa mai aiko kuɗi

Kafin ka tura, ka sa a amsa maka waɗannan:

1. Wane bakanike ne zai riƙa duba shi, kuma shi wane iri ya ce a saya?
2. Ana samun fistin, sarƙa, takalmin birki da matatar iskarsa a Tasawa ko Mayahi, ko sai an je Maraɗi?
3. Sabo ne a kwali ko na hannu? In na hannu ne, lambar firam da ta inji sun yi daidai da abin da ke takarda?
4. An sa kuɗin duwan, katgiris, lamba da asiransi cikin lissafi? Moton da ba shi da takarda, ko jandarma su tsare shi, ko ya zamo na sata ne aka sayar maku.
5. An ware kuɗin kaske biyu, na direba da na wanda aka goya?

Wannan na ƙarshe kada a raina shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sha bayyanawa a baya cewa hular kwano mai kyau, in an ɗaure ta daidai, tana rage haɗarin mutuwa da kusan kashi 40 cikin 100, tana rage mummunan rauni a kai da kusan kashi 70. Sabon moto ya fi tsohon saurin ɗaukar gudu, amma kan ɗan Adam bai ƙara tauri ba tun 1975.

Kulawar da ke tsawaita rai

Ko tsoho ko sabo, abubuwa kaɗan ne ke raba moton da zai shekara goma da wanda zai shekara biyu.

Baƙin mai: injin na ɗaukar kimanin lita ɗaya kacal, kuma mai ɗaya ne ke yi wa inji da giya da kuloci aiki. A ƙura da zafi irin namu, gara a juye shi kusan kowane kilomita 1,000, wato kamar zuwa Maraɗi da dawowa sau huɗu daga Tasawa. A nemi man babur a rufaffen galan, wanda aka rubuta JASO MA a jikinsa. Wasu mayukan mota na sa kuloci santsi, man awo kuma ba ka san abin da aka zuba ba.

Sabon inji: a bi shi a hankali a kilomitocin farko, ba lodi mai nauyi, ba matsa wuta, a kuma yi masa bidanjin farko da wuri domin fitar da garin ƙarfe.

Bawul: a sa bakanike ya riƙa duba saitinsa inji na sanyi. A CG125 tazarar milimita 0.08 ce, ba ta kai kaurin takardar littafi ba. In ta matse, bawul ya ƙone.

Sarƙa: kada a cire kwanonta don gayu. Mai da rairayi in sun haɗu a buɗaɗɗiyar sarƙa, sai su cinye ta da haƙoranta.

Man kwalba: in ba makawa, a tace shi da tsabtataccen ƙyalle, a kuma duba gindin kwalbar ko ruwa ya kwanta.

Lodi: buhu uku da mutum biyu ba abin alfahari ba ne. Firam da taya da birki ne ke biya, wata rana kuma ƙafar mutum.

Abin da ke tafe

A Benin, Togo, Ruwanda da Kenya, babura masu aiki da batir sun fara shiga aikin haya, inda kamfanoni irin su Spiro da Ampersand ke da tashoshin musayar batir: ka ajiye wanda ya ƙare, ka ɗauki cikakke. Ba bidanji, ba buji, ba kafireta. Amfaninsu ya rataya ne a kan tsayayyar wuta da tashoshi kusa da juna. Ranar da suka iso mana, tambayar da za a yi masu ita ce dai wadda injiniyoyin nan biyu suka yi a 1974: in ya tsaya a tsakiyar dawa, wa zai tayar da shi, kuma da me?

Kafin nan, mai niyyar saye ya fara zuwa gareji kafin shago. Ya zauna da bakanike, ya dubi irin baburan da suka fi kwana a wajensa da abin da ya kwantar da su, ya tambayi kuɗin fistin da na sarƙa. Sannan ya buga wa mai aiko kuɗin waya. Allah ya sa a hau lafiya a sauka lafiya, ya kuma sa albarka a gumin ƴan uwa na gida da na ci-rani.